Lambun Gwaggo a Gider

Daga Garwa zuwa Gider tafiyar kusan kilomita 100 ce. Mun bar tasha bayan sallar asuba a watan Maris, lokacin da zafin kwarin Binuwai ke haura digiri 40 da tsakar rana. Mota ta ɗauki babban titin Marwa, muna hangen duwatsun Tingilin, muka ratsa Pitowa mai kasuwar Lahadi. An gama tsinke auduga, gonaki sai kara da ƙura. A mararrabar Sorawel muka bar hanyar Figil muka karkata hagu.

Gider ita ce hedkwatar yankin Mayo-Luti, gari ne mai Lamiɗo, mai arzikin gyaɗa, kuma kamfanin Sodecoton yana gurzar auduga a can. Fulatanci ake ciniki da shi a kasuwa, amma mai jin Hausa ba zai ɓata ba. Zumunci ne ya kai ni wurin ƙanwar mahaifina, wadda aure ya zaunar da ita a garin tun ina ƙarami.

Ina yin sallama na wuce zaure, sai na yi turus. Waje ko'ina ya bushe ƙayau, amma tsakar gidan nan kore shar. Jikin katangar gabas an jera buhunan takin zamani a kan tubala, kowanne cike da ƙasa, bakinsa a naɗe. Yakuwa ce da alayyafo da lalo da kuɓewa, ga attarugu ya yi ja. Na'ana'a kuma tana cikin wata jarka da aka yanka biyu aka rataye a reshen darbejiya, inda akuya ba ta isa.

"Gwaggo, ashe manomiya kika zama?"

"Ina na ga gona, ɗana? Miya kawai nake nema. Zo ka gani."

Ta durƙusa ta ɗaga gindin wani buhu ta nuna mini hujojin da ta yi da ƙusa mai zafi. In babu su, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Tsakuwa take fara zubawa, sannan ƙasa da ta cakuɗa da yashin kogi da kashin awaki wanda ya daɗe ya huce. Ɗanyen taki, in ji ta, ƙona shuka yake yi. A sama kuma ta shimfiɗa ɓawon gyaɗa, wanda a Gider ba a rasa shi. Na tura yatsa ƙarƙashinsa da la'asar, na ji ƙasa da danshi har da sanyi-sanyi.

Batun ruwa ne ya fi taɓa ni. Da rani kogin Mayo Luti yashi yake komawa, sai an tona a samu na ɗiba. Saboda haka a gidan Gwaggo ba a zubar da ruwan alwala, a kan kwano kowa ke yi. Haka na wankin shinkafa da na ganye. Na sabulu kaɗai ta hana. In ƙwari suka taso, ta daka ganyen darbejiya ta jiƙa ta yayyafa, ta barbaɗa toka. Tumatir ne ya ƙi ta a wannan lokaci, don tsananin zafi yana sa ya zubar da fure, sai ta bari sai sanyi ya shigo.

Da dare ta miƙo mini waya. Ɗanta da ke karatu a Faransa ya turo hoton wasu jajayen 'ya'yan itace, rasberi, da maƙwabciyarsa ta shuka a tukwane a barandar bene. Ta so ya kawo mata iri. Na ce mata wannan shuka sai ta sha watannin sanyi mai tsanani kafin ta yi 'ya'ya, zafin Gider kashe ta zai yi. Ta ƙara duban hoton, ta ce, "To ai dabarar ɗaya ce. Ita ma ba ta da gona."

Washegari yaran gidan suka raka ni Kola, 'yan kilomitoci daga gari, inda ruwa ya sassaƙe duwatsu baƙi da fari ya yi kwazazzabo mai zurfi. Wurin ya cancanci a je. Muka dawo muka tarar da tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, ganyen daga buhu zuwa tukunya.

Mu a Kano muna kukan tsadar kayan miya, alhali buhunan shinkafa na yawo a kwata, ruwan alwalar gida guda kuma yana malala a rariya sau biyar a yini. Uwar gida, maigida, ku nemi buhu ko da biyu ne, ku huda gindinsu, ku fara da alayyafo. Cikin wata guda za ku fara tsinka.