Nisan da ke Tsakanin Kano da Jidda

Masana harkar jiragen sama sun ce tsakanin Filin Jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, wato tafiyar awa 4 da rabi zuwa 5 idan jirgi ya miƙe ɗoɗar. Agogon Jidda kuma yana gaban namu da awa 2, saboda haka wanda ya tashi da hantsi zai sauka wajen la'asar. A ganina wannan lissafi bai gama auna nisan ba, domin a gidanmu da shekara ake ƙirga shi.

Mahaifin kakata ya tafi aikin Hajji da ƙafa tare da ƙanensa. Sun bi ta Borno, suka ƙetara ƙasar Cadi ta Abeshe, suka shiga Darfur, suka wuce Alfashir da Al'ubayyid, sannan suka hau jirgin ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Duk inda guzuri ya ƙare sai su yada zango, su yi noma ko ƙodago har su tara na gaba. Yayan ya dawo bayan shekara 7 da Larabci a bakinsa. Ƙanen kuwa ya yi aure a gonakin auduga na Jazira, can ya rasu. Ba shi kaɗai ba ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa kuma da sunansa ake kiransa.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, sannu a hankali ya naɗe wannan doguwar tafiya kamar tabarma. Haƙiƙa alheri ne babba, domin tsoho da mai rauni sun sami zuwa, an kuma huta da binne mahajjata a bakin hanya. Sai dai Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, to wane ilmi ke cikin tafiyar da ba a ga kowa ba? Ranar da na bi wannan hanya ta sama, na ƙetare Cadi da Sudan tsakanin cin abinci da gyangyaɗi. Ƙarƙashin kujerata akwai dangina na jini, ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo. Na ji matafiya suna ƙorafin gajiyar zama da tsadar tikiti, amma ƙalilan ne suka tambayi halin da Hausawan Jazira da Sinnar suke ciki, alhali yaƙin ya kai har garuruwansu. Ashe ɗan ƙarin lokacin nan da muke tsaki a kansa, gudun hijirar wasu ne da yunwarsu.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan Allah ya kira ka, kafin ka tashi ka buɗe taswira ka karanta sunayen garuruwan da za ka tsallake. Ka tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wanda ya tafi gabas bai dawo ba, sannan ka sa zuriyarsa cikin addu'arka a Arfa.