Mi Ke Cikin Tukunya?

Shekara 24 ina cin tuwon Inna a Maraɗi, ban taɓa tambayar abin da ke cikin miyarta ba. A kawo mini kwano, in wanke hannu, in yi bisimilla, in ci in tashi. Sai da na je wani gari can bakin kogin Misisipi sannan na gane tambayar ga tana da amfani, don sai da na kwana biyu da yunwa saboda na kasa yin ta.

Bara ne Allah ya ba ni sa'a na shiga wani shirin musayar ɗalibai na sati uku a Amurka. Kwana biyar na ƙarshe an kai mu Niyu Orliyans, garin da munka karanta a lakkwal da sunan Nouvelle-Orléans. Kowace rana ana ba mu dala 40 ta abinci. Mai karatu, kada ka yi dariya, ba dalarmu ta gida nake nufi ba, wadda ashirin ɗinta ke sayen ƙosai. Dalar Amurka ce, guda kusan tamma 600 a lokacin. Da na buga lissafi na ga jika 24 ke nan a wuni ɗaya, jika 120 a kwana biyar, sai zuciyata ta tafi ga ƙanwata. Ta gama koyon ɗinki, shekara guda tana zaune ba ta da keke, kuma ranar da za ni tafi na ce mata da bakina, gaban Inna, ba ni dawowa hannu biyu. Sai na yanke ma kaina doka: ko mi za a yi, cikina ba ya cin fiye da dala 15 a rana.

Munka sauka ran Juma'a da marece. Garin tsoho ne. Faransawa sunka kafa shi a 1718, ya koma hannun Sipaniya, sannan Napoleon ya sayar ma Amurka da yankin Luwiziyana baki ɗaya a 1803 a kan dala miliyan 15. Tsohuwar unguwar har yanzu Vieux Carré ake ce mata, ga benaye masu baranda ta ƙarfe, ga masu busa ƙaho a kowane lungu. Ganin sunaye da Faransanci ya sa na saki jiki, na ɗauka gida na zo.

Daren nan munka bi abokan tafiya zuwa layin da baƙi ke cika. Wani mutum a bakin ƙofa yana kiran mutane kamar ɗan kamasho a tasha, sai munka shiga. A takardar abinci na ga an rubuta gumbo, su kuwa suna faɗin sa kamar sunan Gambo. Na tuna gombo ita ce kuɓewa da Faransanci, na ce to, ga miyar gida. Anka kawo kwano, ƙamshi na tashi. Na sa cokali sai na ɗago wasu yanka-yanka masu kama da sosis. Sannan ne na tambaya, da guntun Ingilishina, naman mi ne. Yarinyar ta ce alade.

Na aje cokali. Ban ce a canza mini ba, don kunya. Na cinye burodin da ke gefe, na sha ruwan ƙanƙara. Da takardar biya ta zo na ga wani sabon karatu: kuɗin da ke rubuce gaban abinci ba shi ne ƙarshe ba, sai an ɗora haraji, kuma al'adar ƙasar ce ka ba wanda ya kawo maka abinci kashi 15 zuwa 20 bisa ɗari. Dala 31 na biya, abincin kwana biyu, a kan miyar da ban ko ɗanɗana ba.

Ran Asabar na shiga kanti na sayi burodi da gwangwanin sardin, na kai ɗaki. In abokai sun ce mu tafi cin abinci sai in ce na ƙoshi. Gaskiyar magana abu biyu nake ɓoyewa: ba ni son a san ina ƙirga kuɗi, kuma ba ni son in zama wanda ke tsai da mai kawo abinci da tambayoyi kowa na kallo. Na zo garin da duniya ke zuwa don girkinsa, ga ni bakin gado ina dangwala burodi a man sardin kamar daren jarrabawa a Yamai.

Ran Lahadi da safe matar da ke gyara ɗakuna ta shigo. Baƙar fata ce, za ta yi sa'ar Inna. Ta dubi gwangwanaye uku a kwandon shara, ta dube ni. Ta kira ni da kalmar da suke kiran jariri, wadda na lura tsofaffin matan garin suna kiran kowa da ita.

Ta ce, "Ɗana, ba ka da lafiya ne?"

Na ce lafiya lau. Ta yi tsaye ba ta motsa ba. Irin tsayuwar Inna ce sak, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na gaya mata komi, har da keken ɗinki.

Ba ta yi dariya ba. Ta ciro bik daga aljihu, ta juya bayan wata takarda, ta ce in saurara. Abin da ta koya mini ga shi, na rubuto shi don wanda Allah zai kai can bayana.

Na farko, duk gidan abincin da ya aje mutum a ƙofa yana kira, wuce shi. Mai girki mai daɗi ba shi da lokacin kiran kowa. Na biyu, ka fita daga unguwar baƙi. Ɗan jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi dala 1.25 ne, zai kai ka unguwannin da mutanen gari ke zaune. Na uku, ka ci babban abincinka da rana, don kwanon da ake sayarwa da dare ya fi na rana tsada, kuma ƙananan wurare suna da girkin ranar da suke rubutawa a allo. Na huɗu, kada ka raina kantin lungu. Da yawa suna da murhu a baya, in ka ga direbobin bas da magina sun yi layi da tsakar rana, bi bayansu. Na biyar, ta ja masa layi biyu: ka tambaya kafin a zuba, kuma ka tambayi mai riƙe da ludayi. Ta ce a garin ga alade yana shiga inda ba ka zato, cikin wake, cikin ganye, har cikin miyar da anka ce ta kifi ce. Ta ƙara da cewa romon zaƙin da ake zubawa bisa wani burodi da ake ci bayan abinci yawanci da giya ake haɗa shi.

Na ce, "Iya, ba za su ji haushi ba?"

Ta ce, "Ka taɓa ganin mai girkin da ta ƙi a tambaye ta girkinta? Wahalarka ita ce ka sa ta yi shiru."

Da ɗan gari kan ci gari. Ranar da rana na samu kantin da ta zana mini, ba ko kujera sai wani dogon katako jikin bango. Na sayi abin da suke kira po-boy, burodi dogo irin namu na Faransa amma ya fi laushi, an cika shi da soyayyar tarwaɗa da salati da tumatir. Na tambayi man da anka soya da shi, mutumin ya ɗago jarka ya nuna mini, man gyaɗa ne. Dala 11, kuma rabi ya ishe ni, rabi na aje na dare. Shi ya ba ni labarin sunan: a 1929 ma'aikatan jirgin titi sunka yi yajin aiki, wasu ƴan'uwa biyu masu gidan abinci, waɗanda da can su ma aikin sunka yi, sunka riƙa ba su burodin ga kyauta. Ma'anar sunan kuwa yaron talaka. Na ce a raina, ashe an san da zuwana.

Litinin ranar wake da shinkafa ce a garin baki ɗaya. Asalinta ranar wanki ce, sai mata su ɗora jan wake bisa wuta kaɗan-kaɗan ya yi ta nuna suna wanki. Yawanci da ƙashin alade ake dafa shi. Wurin da na je, na yi ƙarfin hali na leƙa na ce mi ke cikin tukunya. Wata mata mai ɗaurin kallabi ta ce tukunya biyu gare ta, ɗaya da kyafaffen talotalo, don tana da masu saye da ba su cin alade, wasu don addini wasu don hawan jini. Ta zuba mini, sannan ta ƙara rabin ludayi ta ce lanyap. Na ce mi ke nan? Ta ce ɗan abin da mai sayarwa ke ƙara maka don alheri. Na ce Iya, mu gyara muke ce masa. Sai da ta sa na maimaita kalmar sau uku tana gwadawa.

Wurinta na fahimci bambancin sunaye biyun da ke jikin kowane allo a garin. Kiriyol girkin birni ne, na tsatson da ya haɗa Faransawa da Sipaniyawa da baƙaƙen Afirka da ƴan asalin ƙasar, kuma yana son tumatir. Kajun girkin ƙauye ne, na jikokin masu jin Faransanci da Ingilishi sunka kora daga Akadiya, gabashin Kanada, tun daga 1755, sunka zo sunka zauna cikin fadamun Luwiziyana suna su da farauta. Nasu ya fi yaji da hayaƙi, tukunya ɗaya ake haɗa komi. Dukansu da albasa da koren tattasai da seleri suke fara girki, kuma suna soya garin alkama cikin mai har ya yi duhu, shi ke ba miya kauri da ɗanɗano. Jambalaya kuwa, in ka gan ta, dafa-duka ce ba wani abu ba.

Ran Talata, ranar ƙarshe, matar ta cika mini alkawarin da ta yi: gumbo na jatan lande da ƙaguwa da kuɓewa, ba sosis. Ƙaramin kwano na saya da shinkafa, dala 9. Gefen tebur akwai kwalba da wani koren gari. Ta ce file sunansa, busasshen ganyen wani icce ne da ake dakawa, ƙabilar Cokto ta ƴan asalin ƙasar anka koya daga gare su, ana barbaɗawa miya ta yi kauri. Na shinshina, na tuna turmin Inna ranar dakan kuka.

Loma ta farko ta yi mini daɗi har na rufe ido. Ta biyu ce ta tsaya mini a wuya. Shekaranjiyar ranar na bi ta wani fili da ake kira Dandalin Kwango, inda bayi ke taruwa ran Lahadi su yi kiɗa da ciniki. Na karanta cewa tun 1719 jiragen bayi sunka fara sauka a Luwiziyana, mafi yawan na farkon daga yankin Senegal da Gambiya, mutanen da sunka san noman shinkafa, kuma daga baya garin ya zama kasuwar bayi mafi girma a Amurka. Kwana uku ina murna ina cewa wannan kamar namu, wancan kamar namu. Sai lokacin na tambayi kaina ta wace hanya ya zama kamar namu. Yauƙin kuɓewar nan wata ce ta riƙe shi a kanta, wadda anka raba da uwarta ba ta sake ganinta ba, ta zo ta tsaya bakin murhun wani tana neman ɗanɗanon gida. Na ci a hankali, ban bar ko ɗigo ba.

Kafin in koma masauki na bi ta unguwar Treme na ga gidan abincin Dooky Chase, da matar masauki ta ce ko ban shiga ba in je in gani. An buɗe shi a 1941. Zamanin da doka ta hana baƙi da farare zama tebur ɗaya, a benensa masu fafutukar ƴanci ke haɗuwa su yi shawara, Leah Chase na dafa musu. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96. Na tsaya tsallaken titi na ɗan lokaci, na wuce.

Da safe na nemi matar masauki in yi mata ban kwana, anka ce ranar hutunta ce. Na bar mata goron da ya rage mini cikin ambulan, ban san ko ta san yadda ake cin sa ba. Na dawo da dala 118. Yayana ya cika sauran, munka sayi keken a babbar kasuwa. Rigar da ke jikina yanzu da nake rubutun ga ita ta ɗinka ta, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo.

Kwana biyu da dawowata, da la'asar, na ɗauki kujera ƴar tsugunne na zauna kusa da murhu. Inna na kaɗa miya. Na ce, "Inna, mi da mi kike sawa ciki?"

Ta tsaya da maburgi a hannu, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai ko lafiya? Can anka ce maka ban iya ba?"

Na ce a'a, so nake in sani.

Ta yi tsaki, ta ci gaba da kaɗawa. Can sai ta ce, "Daddawa ake fara sawa. Matso da itacen ga." Har anka kira magariba ba ta gama bayani ba.