Ranar Sallamar 'Yan Ƙwallo

Jama'a, duk sa'ad da kakar wasa ta ƙare a Garwa, hirar majalisarmu ɗaya ce: wa Coton Sport za ta riƙe, wa za ta sayar, wa za ta sallama. Ƙungiyar nan da aka kafa a 1986, wadda kamfanin auduga na Sodecoton ke ɗaukar nauyinta, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Al Ahly ta Masar ta ci 2-0 a Alƙahira, aka yi 2-2 a Garwa. A 2010 Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes ta Faransa. Mun ji zafi, amma shi ya ci wa Kamaru ƙwallon kofi a 2017.

Ni kuwa wanda ke damuna shi ne wanda ba a saya. Wani ɗalibina ya bar aji saboda wata ƙaramar ƙungiya ta ba shi kwantiragin shekara guda. Na roƙe shi ya gama jarrabawa, ya ƙi. Gwiwarsa ta samu rauni, aka ƙi sabunta masa. Ran nan ya tarar da ni a kasuwa, ya ce, “Malam, ko akwai sauran wuri a ajin yamma?”

Shugabannin ƙungiya lissafin kuɗi da shekaru suke yi, ba laifinsu ba ne. Iyaye, ku bar yaro ya buga ƙwallo, amma ya fara riƙe takardar shaida. Ɗalibin nan nawa yana zuwa ajin yamma tun daga ranar.