Daga Rijiyoyin Salaga Zuwa "Atomik"

Jama'a, tun zamanin fataken goro ake yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu, saboda haka mutumin Salaga ya san abin da ke ɓata ruwa. Shi ya sa labarin Kwabenya ya shafe mu.

In ka sauka Madina Zongo a Ankara, za ka ji yaran mota suna ta kiran "Atomik! Atomik!" Hanyar nan ita ke kai mutum Kwabenya, mazaunin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana, wadda aka kafa a 1963. Kwame Nkrumah ne ya aza harsashin ginin a 1964. A 1994 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin. A 2017 aka sauya mata makamashi, aka mayar da tsohon can Sin.

To, a nan Kwabenya ake tara sharar nukiliya ta ƙasar nan, wato tsofaffin ƙwayoyi masu tururi da asibitoci da ma'adinai suka gama aiki da su. Wasu, kamar kobalt, ƙarfinsu yakan ragu da rabi cikin shekara 5 da 'yan watanni. Radiyum kuwa sai ya shekara 1,600. Babban abin tsoro shi ne ruwa ya taɓa su, ya kwashi gubar ya kai rijiya. Don haka dabarar ita ce a ɗaure sharar cikin abu mai tauri. Ƙananan ƙwayoyi akan rufe su cikin kwanson ƙarfe marar tsatsa, a kewaye da siminti. Akwai kuma shirin binne su cikin rami mai zurfi ƙwarai.

Shara mai zafi ta manyan tashoshin lantarki kuwa, gilashi ne maganinta. Wanda ya ga yadda mutanen Krobo ke daka kwalba su gasa ta a tanda ta zama dutsen wuya, ya kusa gane aikin. A Faransa, tun 1978 a Markul, daga baya a La Hag, ana busar da ruwan sharar, a narka ta tare da gilashi a zafin da ya haura digiri 1,000, a zuba cikin tulun ƙarfe mai cin kilo 400. In ya huce, gubar ta zama jikin gilashin kansa, ruwa ba ya cin sa sai kaɗan-kaɗan cikin dubban shekaru.

A 2023 Gana ta zaɓi Nsuban, a Yankin Yamma, don gina babbar tashar lantarki ta nukiliya. Wuta muna so, daga Salaga har Yandi da Bawku. Amma tun kafin a aza tubali ya kamata mu tambayi wakilanmu: da me za a ɗaure sharar, a ina za a binne ta, wa zai tsare ta? Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mana ruwanmu, amin.