Tsohon Riko Da Likitan Jirgin Ruwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin tafiyata Riko, wani gari a ƙasar Jibiya, kusa da iyakar Nijar.

Na sauka gidan wani tsoho mai magani. Da hantsi muka fita bayan gari, yana nuna mini sabara da kalgo da aduwa, yana faɗin amfanin kowanne. Sau uku yana tsayawa a fili fetal, ya ce, "Malam, dā akwai itace kaza a nan, an sare." Na tambaye shi wa ya koya wa wannan sani. Ya ce samari duk sun tafi bin mota zuwa Maraɗi.

Jakar maganinsa an yi mata ado da wuri, wanda asalinsa daga tekun Indiya jirage suka kawo shi. Ganin wurin nan ya kai hankalina ga teku, har na tuna da Likita Baikie, mutumin Sikotilan, likitan jiragen ruwan Ingila. A 1854 ya hau Kwara da Binuwai cikin jirgi mai suna Pleiad, ya sa mutanensa shan kwinin, ba Baturen da zazzaɓi ya kashe. Ya komo a 1857 tare da Charles Barter, masanin tsiro. Jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace, amma ba su fasa ba. Barter ya yi ta tsinkar ganye yana busarwa, ana aikawa lambun Kew a Ingila, har ajali ya same shi a Rabba a 1859. Baikie ya zauna Lakwaja, ya zo Kano a 1862, ya rasu a Saliyo a 1864.

Yau akwai itatuwan da ke ɗauke da sunayen su biyun a littattafan masana. To, jama'a, ina sunan mutanen ƙasa da suka nuna musu itatuwan? Ban ga laifin baƙi ba, su sun rubuta, mu ne ba mu rubuta ba.

Ni kaina ran nan ban tafi da takarda ba, abin kunya ga malamin makaranta. Na yi alkawarin komawa bayan kaka in Allah ya kai mu. Tsohon ya yi dariya, ya ce in yi hanzari.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Jibiya.