Daga Titin Bauchi Zuwa Wikki, Ruwan Da Ba Ya Hucewa

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Janairu ya san abin da ake kira sanyi, domin garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. Amma daga tashar motar Titin Bauchi, tafiyar da ba ta kai yini guda ba za ta sada mutum da wani ruwa wanda hunturu bai taɓa sanyaya shi ba, wato maɓuɓɓugar Wikki da ke cikin gandun dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi.

Mota za ta gangaro daga duwatsun Filato, ta wuce Tilden Fulani da Nabardo, ta bar dutsen Zaranda a gefe, har ta shiga Bauchi bayan kimanin kilomita 130. Daga nan sai a ɗauki hanyar Gombe, a ratse a Dindima zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar dajin take. Sa'an nan da sauran tafiyar fiye da kilomita 40 cikin kurmi kafin a isa masaukin baƙi.

Wanda ya zo da tsammanin ganin ruwa yana tsartuwa sama zai sha mamaki. Irin wannan maɓuɓɓuga sai a ƙasashe kamar Aisilan da Amurka, inda wadda ke gandun Yellowstone take feso tafasasshen ruwa sama da mita 30 kusan kowace sa'a ɗaya da rabi. Dalili kuwa shi ne, a can ruwan yana haɗuwa da duwatsu masu tsananin zafi a ƙarƙashin ƙasa, ya tafasa cikin matsattsiyar kafa, tururi ya ingizo shi waje da ƙarfi. Wikki ba haka take ba. Ruwanta yana fitowa ne a natse daga gindin wani jan dutse, zafinsa digiri 31, dare da rana, rani da damina. Ba ya ƙona jiki, ba ya kuma hucewa, ga shi garai-garai har mutum yana hangen farin yashin da ke ƙasa.

Amma fa abin da Wikki ta rasa na ban tsoro ta same shi a yawa. An ƙiyasta tana zubar da ruwa lita miliyan 21 kowace rana, wanda ke malalawa cikin Kogin Gaji. A nan ne muhimmancinta yake. Idan rani ya tsananta, tafkunan daji suka ƙafe, giwaye da ɓauna da gwanki da gwambaza ba su da wurin sha sai kwarin Gaji. Shi ya sa masu son ganin namun daji suke zuwa tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta tattaro dabbobin wuri guda. Akwai wasu maɓuɓɓugan masu ɗumi a dajin, irin su Dimil da Gwana, sai dai babu wadda ta kama ƙafar Wikki.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi abinta a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Ruwan da ke raya dajin, shi ne kuma ke jawo masa fitina. Makiyaya suna kutsawa da shanu neman ruwa da ciyawa, mafarauta sun san inda za su yi kwanto, kuma neman hauren giwa ya rage garken da ake ƙirgawa cikin manya mafi girma da suka saura a Nijeriya. Su ma manoman ƙauyukan gefen daji suna da nasu kukan, domin giwa takan cinye gonar dawa a dare ɗaya, ba ta san wahalar noma ba. Gaskiyar magana ita ce, muddin manomin da aka yi wa ɓarna bai ga wata riba daga kuɗin da baƙi ke biya a ƙofa ba, da wuya ya tona asirin maharbi.

Mai zuwa wanka kuwa sai ya kula da kayansa. Gwaggon biri ya saba da mutane ƙwarai a bakin ruwan, yakan buɗe jaka, har ma ya shiga ɗakin da aka bari ba a kulle ba ya kwashe abinci.