Masu Gadin Hadari

Ranar da iska ta yaye kwanon ɗakinmu a Agwada, farkon damina ne, ina gida hutu. Tun da la'asar kakana ya dubi gabas, ya ga hadari ya yi baƙi ƙirin, gindinsa kuma ya yi ja. Ya ce, "Ɗan nan, ku shigar da awaki, wannan iska ce a gaba." Mu kaɗai muka ji. Maƙwabcinmu yana gona, reshen ɗorawa ya faɗo ya karya masa hannu, damina ta wuce bai riƙe fartanya ba.

Daga baya na karanta labarin SKYWARN, shirin da hukumar yanayi ta Amurka ke gudanarwa tun shekarun 1970. Kyauta ake horar da 'yan sa-kai na kimanin awa biyu, da yawansu masu lasisin rediyon oba-oba ne. Ana koya musu gane hadarin da zai haifar da guguwa. In ƙanƙara ta kai inci 1, ko iska ta kai mil 58 a awa, nan take su kai rahoto. Dalili kuwa, na'urar rada sama take gani, ba ta ganin ɓarnar da ake yi a ƙasa. Rediyonsu kuma yana aiki da batir ko layin waya ya ɗauke.

Mu ma muna da NiMet tun 2003, tana hasashen damina duk shekara. Amma mai gona a Agwada mutum yake buƙata da zai ce masa, "Tashi yanzu!" Kakana ya iya karatun sama, ko da yake bai taɓa shiga aji ba, sai dai muryarsa ba ta wuce zaure.